Wuƙar Leda da Kawu Ya Mayar Fartanya

Jiya leda ta faɗa murhu, ƙaurinta ya mayar da ni maƙerar Kawu a Birnin Gwari. A gashin hannunsa yake gwada kaifin ƙarfe, har hannun hagunsa ya koma sumul.

Da leda ta fara shigowa kasuwa, ya ƙera inji mai zazzafar wuƙa, tana yanka ledar tana liƙe gindinta lokaci guda. Ina malamin firamare, ni na yi karambanin rubuta takarda a yi masa rajista, kada wani ya kwaikwaya.

Jami'in rajista ya zo daga Kaduna, ya taka injin, jakar leda ta faɗo. Ya jinjina kai ya ce, "Baba, saura ka faɗi yadda kake gasa wuƙar har leda ba ta manne mata. Sai an rubuta komai."

"Kowa ya karanta?" in ji Kawu.

"Ƙa'ida ke nan, Baba."

Kawu ya kwance wuƙar, ya cusa ta cikin garwashi, ya kama zugazugi. Na ce, "Kawu, aikin shekara biyu fa!" Guduma ce ta amsa mini. Jami'in ya sandare, biro a hannu. Kafin la'asar wuƙar ta zama fartanya.

Ya miƙo mini ita ya ce, "Abin da ubana ya faɗa mini a kunne, ba na zuba shi a takarda."

Ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Da fartanyar nake noma har yau. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu, ni kuma ya yafe mini waccan takardar.