Ɗigo Bakwai a Kan Gilashi

Shekara goma sha ɗaya ina zaune gaban babbar kwamfutar zanen taswirar filaye a ofishinmu na GRA, kowa na kirana gwani. Gaskiyar magana, ban iya komai ba. Baturen da ya kafa ta kwana biyu ya yi yana koya mini, ni kuwa ina ta gyaɗa kai. Da ya tafi na ɗauko farin fentin nan na goge kuskuren tafireta, na ɗiga ɗigo bakwai a kan gilashin kwamfutar, kowanne daidai inda na ga ya kai 'yar kibiyar nan mai yawo a gilashi ya danna. Na farko da safe, na biyu ya buɗe taswira, haka har na bakwai ya fitar da ita a takarda. Wanda ya tambaya sai in ce masa alamar awo ce. Ba wanda ya taɓa ja, tunda an san gwani ba ya abu a banza.

Ana nan sai ga takarda daga kamfanin da ya ƙera injin. Wai sun yar da tsohuwar fuskar da ake gani a gilashi, sun ɗauko wata wadda wasu bayin Allah a faɗin duniya suka haɗu suka gina kyauta, kowa na iya dubawa ya gyara. Kamfani guda, mai benaye, ya koma cin kayan sadaka. Abokan aiki suka yi ta dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, don na san idan fuska ta sauya, ɗigona sun tashi aiki, asirina ya tonu.

Sai na zama mai kishin gwamnati dare ɗaya. Na rubuta wa Darakta shafi uku cewa abin da kowa ya sa wa hannu ba shi da amana, gobe wani daga bangon duniya zai leƙo ya kwashe filayen Ƙofar Sauri. Darakta ya kira ni.

"Malam, an tashi lahiya? Ya iyali, ya gajiya? Na ga takardarka. To amma abin ga daga sama ya taho. Kuma kai da ka san injin ciki da bai, mi zai gagare ka?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ban taɓa jin yabo ya yi mini ɗaci haka ba.

Ranar Talata injiniyar da za ta sa sabuwar fuskar ta iso, wata Hajiya mai gilashin ido, ba ta da yawan magana. Kafin azahar ta gama. Na leƙa, na ga fuska sabuwa fil, shuɗiya, kyakkyawa, an kwashe komai an jera a ƙasa. Ɗigona bakwai suna nan tsaye a kan fili fetal kamar kashin tsuntsu. Darakta ya tara ma'aikata a bayana, ya harɗe hannu.

"Bismillah, Malam. Hiddo muna taswirar Gobarau mu gani."

Na kama linzamin kwamfutar, na rasa inda zan kai kibiya. Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda rabona da shi tun ina makaranta. Hajiya ta dubi hannuna, ta dubi ɗigon, ta sake duban hannuna. Sai ta ce wa Darakta, "Yallaɓai, a ba ni minti biyar, ban ƙarasa ba."

Ta ja kujera kusa da ni. Ashe sabuwar fuskar, wadda na zaga a shafi uku, tana barin mutum ya ɗauki kowace alamar da ake dannawa ya ajiye inda ya ga dama. Tana tambayata a hankali, wannan fa, ina faɗa mata abin da ke fitowa idan na danna, tana jawo alamar tana ajiyewa ƙarƙashin ɗigon. Shida suka samu mazauni. Saura na farko.

"Wannan me yake yi?"

"Shi ka tada injin, Hajiya. Kullum da sahe shi nike hwara dannawa."

Ta rage murya. "Malam, babu komai a wurin a tsohuwar fuskar. Ina jin nan mai koya maka ya saba ajiye kibiyarsa."

Shekara goma sha ɗaya ina gaida fili kowace safiya, har da bismillah.

Ta ɗan yi danne-danne ta miƙe. Na bi ɗigona, taswirar Gobarau ta fito, Darakta ya juya ga jama'a yana cewa ai ya faɗa masu, gwani gwani ne. Aka watse ana sa mini albarka. Hajiya na naɗe wayoyinta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, ta sa mini wani abu ƙarƙashin na farkon, kada ya zauna haka nan.

Da kowa ya fita salla na ɗan dakata, na kai kibiya na danna. Littafin koyo ne ya buɗe, na 'yan farko, da manyan haruffa. Darasi na ɗaya yana bayanin yadda ake riƙe linzami. Na duba hannuna, na ga ko shi ba daidai nake riƙewa ba.