Hotunan da Ba a Zo Karɓa Ba

Duk unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai Kar-a-motsa, don abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kamara. Shagonsa na hoto yana ƙarshen layin teloli: ɗaki ɗaya, labule mai zanen teku, kujerar katako, da furen roba da kusan kowa a unguwar ya taɓa dafawa. A da sai an yi layi a ƙofarsa. Da wayoyi masu kamara suka cika hannun mutane, kasuwa ta mutu, sai masu hoton fasfo jefi-jefi. Duk da haka kullum yakan buɗe, ya share, ya kunna rediyo ya zauna.

Abin da ke haɗa shi da matarsa kwalaye ne. Shekara da shekaru mutane kan ɗauki hoto ba su dawo karɓa ba, shi kuwa bai taɓa zubar da ko ɗaya ba, har suka cika ƙarƙashin gado.

"Maigida, ko kwalayen nan su fita ko ni in fita," takan ce.

"Ke kina da 'yan'uwa. Su ina za su?"

Wata rana wata mai sana'ar zane-zane ta zo shagon, 'yar marigayi abokinsa kafinta. Ta ce za a baje kolin zane-zane a tsohon siton bakin kasuwa, masu fasaha daga garuruwan yankin za su kawo ayyukansu.

"Baba, hotunan nan nake so ka ara mini."

"Me za ki yi da fuskokin da ko masu su ba su nema ba?"

"Ka zo ranar buɗewa ka gani."

Ya ba ta ne kawai don darajar mahaifinta.

Ranar buɗewa mutane ba su yi yawa ba, wasu ma sanyin fanka ya kawo su. Aka yi ta dariyar wata saniya da aka ƙera da tsofaffin salansar babur, wani bakanike yana rantsuwa a bayan garejinsa aka tsinto ƙahonta. Can ƙuryar siton Kar-a-motsa ya ga bangonsa. Mai zanen ta jera hotunan tun daga ƙasa har rufi, ta zana tsofaffin titunan unguwar a tsakaninsu, ta rubuta laƙabinsa a ƙasa. Ya tsaya yana share gumi, kunya ta kama shi kamar an buɗe masa ɗakin kwana.

Yana nan tsaye wani mahauci ya matso, ya ƙura wa hoton wani mutum mai riƙe da keke ido.

"Wannan babana ne," ya ce a hankali. "Ina ƙarami ya rasu, ba mu da hotonsa ko ɗaya."

Mahaucin ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika gari. Tsofaffi suka zo da tabarau, mata suka zo da 'ya'ya suna nuna musu kakanni. Wanda ya zo don hoto sai ya zarce ya kalli sauran ayyukan, har aka riƙa gardama a wurin mai shayi kan wani zane da ba a san samansa da ƙasansa ba. Malaman makaranta suka fara kawo ɗalibai.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Wata mai sayar da yadi ta ga kanta tare da mijin da suka rabu tun tuni, ta nufo Kar-a-motsa rai a ɓace.

"Wa ya ba ku izinin rataye ni a bango?"

"Gaskiyarki, baiwar Allah. Mun yi kuskure, ki yi haƙuri."

Ya cire hoton da kansa ya miƙa mata. Ta jefa a jaka, sai da ta kai ƙofa ta waiwayo ta ce, "Amma dai na yi kyau a lokacin."

Daga ranar ya sa mai zanen ta sanar cewa duk wanda bai yarda ba a cire nasa, wanda kuma ya gane nasa ya zo ranar rufewa ya ɗauka. Ranar rufewa shi ya tsaya yana miƙawa, ana yi masa addu'a, har muryarsa ta dishe wajen amsa amin.

Kasuwa ba ta dawo kamar da ba, amma iyalai sun fara zuwa jefi-jefi, suna cewa hoton waya ɓacewa yake yi. Shi kuma ya daina zaman jiran su. Da hantsi yakan rataya kamara ya bi layi yana ɗaukar teloli a kan kekunansu, da masu faci, da mai gyaran agogo, ba don an sa shi ba. Mai zanen ta ga wasu daga ciki, ta ce baɗi bango guda nasa ne shi kaɗai. Ya ce ta bari tukuna, bai kai layin maƙera ba.