Ranar da na yi ihun wuta aka taya ni murna

Shekarun baya aiki ya kai ni Zuru, ban san kowa ba. Na kama ɗaki a wani gidan haya, kowa na harkar gabansa, in an gaisa da yarensu sai in yi ta murmushi kamar na gane. Mutum ɗaya ne ya ja ni a jiki, wani tsohon soja da ake ce wa Baba, ɗakinsa na manne da nawa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Kullum da yamma sai ya fito da kwanonsa ya ce, "Malam, zo. Mutum ba ya ci shi ɗaya."

An daɗe ba a kawo wuta ba a unguwar. Wata Lahadi Baba ya jona abin dafa ruwa don gwaji, ya ga shiru, ya manta bai zare ba. Ya sa kwaɗo ya tafi coci. Da hantsi kuwa sai ga wuta ta dawo.

Ina kwance na ji ƙauri. Da na leƙa, hayaƙi ne ke fita ta tagarsa. Na fita a guje ba takalmi ina ihu, "Wuta! Wuta!" To ashe duk layin abin da ake faɗa ke nan. Yara na tsalle, wata mata ta ɗaga mini hannu tana dariya, "Mun gani, Malam, mun gode Allah!" Ina tsaye cikin mutane ina kururuwa, ba wanda ya ji ni. Ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Sai can bakina ya tuno da kalmar gobara. Nan take aka zo, wani ya zare fis, aka ɓalle kwaɗon. Amma katifa ta tafi, kakinsa ya tafi, har da hoton matarsa.

Da Baba ya dawo ya ji labari, sai da ya yi dariya. "Kai Bahaushe guda, mi ya hana ka ce gobara? Ni zan koya maka Hausa?" Daga nan ya zauna a bakin ƙofa yana kallon tokar.

Har yau in aka ɗauke wuta sai na bi soket ɗaya bayan ɗaya na kashe kafin in fita, kuma duk gidan da na kama sai na tambayi inda fis yake. Ana ce mini mai tsoro, ba na musu.

Bayan mako ɗansa ya zo ya tafi da shi Wasagu, ya ce ba zai ƙara barinsa shi kaɗai ba. Gaskiyarsa ce, amma na ji zafi. Da zai hau babur, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ka nemi mutane fa."

Na ce to. Har na bar Zuru ban iya ba.