Gwaggo Marlys da Ranar da Wuta Ta Tsallake Tafki

Gwaggona Marlys Hovland, yayar mahaifina, ta haura shekara arba'in ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarta ba. Abin dariya ne wannan a garinmu na arewacin jihar Minnesota ta Amurka, inda duk hanyar da ka bi sai ta ƙare a bakin tafki. A gonar shanu ta tashi, bayan ta yi aure ta kama tuƙa motar 'yan makaranta. Ba ta da tsayi, amma idan ta ce "Ku zauna!" har direban motar da ke bayanta sai ya gyara zama.

Mijinta Arlen shi ne mutumin ruwa. Yana kai baƙi kamun kifi, ita kuwa iyakarta ta haɗa masa guzuri ta tsaya a gaɓa. Allah bai ba su haihuwa ba. Wani hunturu yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida zuciyarsa ta buga, ya rasu, ya bar mata kwalekwale uku a rumfa. Ta ce da zarar sanyi ya wuce za ta rabu da su.

A shekarar ne cocinmu ya haɗa kai da wani coci na Minneapolis domin a riƙa kawo yaran birni su yi hutu a daji, aka roƙe ta ta ɗauko su a mota. Da suka iso, wata 'yar yarinya ta sauko ta tsaya cik tana kallon tafki, can ta juyo.

"Mama, wannan ruwan na waye?"

"Na Allah ne," in ji Gwaggo.

"To, ya yarda a taɓa?"

"Ya yarda mana. Je ki."

"Zo mu je tare."

Gwaggo ta ce ita tsoron ruwa take ji. Yarinyar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Babba da ke?"

Da makaranta ta koma, sai ga Gwaggo a wurin koyon iyo na gari, cikin ajin 'yan shekara biyar, tana riƙe da bango tana buga ƙafa. Duk garin ya zo kallo. Mahaifina ya ce mata, "Yaya, kin tona mana asiri." Ta ce, "Kai dai kawo tawul." Bayan iyo ta koyi tuƙa kwalekwale wurin abokan Arlen, ta koyi ɗaukarsa a kafaɗa daga wannan tafki zuwa wancan, da karanta taswira, da kunna wuta cikin ruwan sama. Ba a daɗe ba ta zama ita ce mai shiga da yara can cikin daji, wajen iyakar Kanada, inda babu hanya kuma waya ba ta aiki. Haka ta yi ta yi duk lokacin zafi, fiye da shekara ashirin. Yaran suka sa mata Kaka.

Ba ta da dogon wa'azi. Da safe bayan an sha kofi an yi addu'a, sai ta ba kowane yaro dutsensa ya zauna shi kaɗai, babu magana. Fastonmu ya taɓa tsokanarta, ya ce, "Mama Marlys, an ce yaran nan sun fi jin kukan tsuntsu a kan jin sunan Yesu a bakinki." Ta ce, "Fasto, in mai gida yana magana, ni 'yar rakiya ai ba na katse shi." Ya yi dariya, amma bai fasa ba ta ƙananan darussan da yake so ta karanta musu ba, ita ma ba ta fasa karantawa a gurguje ba.

Ni na fara bin ta ne ina ɗalibar aikin jinya, a matsayin mataimakiya. Tafiyar da nake son in ba da labarinta, Gwaggo tana dab da saba'in. Yara bakwai muka ɗauka, a kwalekwalen nan uku na Arlen. A cikinsu akwai Terrell, dogon saurayi mai baki, wanda tun a mota ya sanar da mu cewa mahaifiyarsa ce ta turo shi, shi ba ruwansa da addu'a. Akwai kuma Pakou, 'yar ƙabilar Hmong daga birnin St. Paul, wadda ba ka jin muryarta sai ka sunkuya.

Mun san da wata gobara da tsawa ta kunna can yamma, nesa da hanyarmu, kuma mun tambaya kafin mu shiga aka ce tafkunan da za mu bi a buɗe suke. Kwanakin farko hayaƙin ɗan siriri ne a gefen sama. Terrell ya yi ta yi wa Gwaggo tsiya.

"Kaka, wai da gaske ke ce kika koya wa Nuhu tuƙi?"

"Ni ce. Shi ma haka yake riƙe filafili kamar cokali, irin naka."

Ana tsakiyar tafiya, wata safiya ina soya fanke sai na ga toka tana sauka a kaskon. Iska ta juya. Wani ganye ya faɗo a hannun Pakou, baƙi ƙirin, ta ce a hankali, "Kaka, da ɗumi." Gwaggo ta karɓa ta murza, ta ɗaga kai ta dubi yamma. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Kowa ya sa rigar ceto. Ku bar tantuna."

"Takalmana fa?" in ji Terrell. "Sababbi ne!"

"Ɗana, shiga jirgi."

Tafkin dogo ne, matsattse. Muka nufi tsakiya inda ya fi faɗi. Kafin mu kai, rana ta koma ja kamar garwashi, daga nan ta ɓace gaba ɗaya, gari ya yi duhu alhali ko tsakar rana ba ta yi ba. Sai muka ji ƙarar. Na ɗauka jirgin ƙasa ne, na kuma san babu layin dogo a wannan daji. Wuta ta bayyana a kan tudun yamma, tsayinta ya ninka na itatuwa, tana tafe ta samansu. Dogayen itatuwan nan da mutum biyu ba sa iya rungumarsu, sai ka ga ɗaya ya kama daga gindi har ƙoli lokaci guda, fuu, kamar ashana. Garwashi ya riƙa wucewa ta kanmu. Da na waiga, gaɓar gabas ma ta kama.

Igiyar ruwa ta fi ƙarfin tuƙi. Gwaggo ta ɗaga wannan murya tata ta motar makaranta: "Kowa cikin ruwa! Ku riƙe gefen jirgi! Ku jiƙa riga ku rufe hanci!" Muka diro. Da nauyi ya bar kwalekwalen da nake ciki, iska ta fizge shi daga hannunmu, ta ɗaga shi sama, ya yi ta juyi kamar takarda har hayaƙi ya haɗiye shi. Muka taru a jikin sauran biyun.

Ƙasa da wuya sanyi ne mai shiga ƙashi, sama da wuya kuwa kamar ka leƙa cikin tanda. Sai ka nutsa kai ka ɗago, kafin ka ja numfashi biyu gashinka ya bushe. Ba ka ganin wanda ke kusa da kai. Gwaggo ta riƙa iyo daga wannan jirgi zuwa wancan tana kiran sunaye, kowa ya amsa, in ta gama ta sake daga farko. Da ta zo kan Terrell bai amsa ba, kuka yake yi.

"Kaka, mutuwa za mu yi?"

"Ban sani ba, ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ko mun fita ko ba mu fita ba, hannun da ke riƙe da mu bai saki ba. Pakou ba ta iya ruwa sosai ba. Kama mini rigarta, kada ka saki."

Ya kama.

Can sai na ji wani abu yana huci a bayana. Na ɗauka ɗaya daga cikin yaran ne ya shaƙe, na juya. Mus ce, ƙatuwar dabbar nan ta dajinmu wadda ta fi doki girma, ta shigo ruwa da ɗanta, kawunansu kaɗai ke waje. Da na miƙa hannu da na taɓa hancinta. Dabbar da in tana da ɗa ba mai kusantarta ya kwana lafiya, ga ta nan a tsakaninmu, idonta na nuna jan wutar, tana kallonmu muna kallonta. Ba wanda ya yi ihu. Yaran da ke kuka ma suka yi tsit.

A cikin wannan shirun Pakou ta fara waƙa da harshen mahaifiyarta. Ba mu san kalma ko ɗaya ba, amma muryar waƙar irin wadda muke rerawa ce a cocinmu ranar Lahadi. Gwaggo ta kama da Turanci, sauran suka bi da muryoyi a shaƙe. Na taso cikin coci, na sha jin ana cewa Allah mai girma ne, amma ranar, ina kallon sama tana ci da wuta daga wannan gefe zuwa wancan, na ji ƙanƙantata har cikin cikina, kuma abin mamaki tsoron ya ragu.

Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Sai tsawa ta fashe a kanmu, ruwa ya sauko baƙi saboda toka, har da ƙanƙara tana bugun kwalekwalen. Daga baya masu kashe gobara suka gaya mana cewa babbar wuta takan haɗa nata hadarin. Da hayaƙi ya ɗan yaye, mus ɗin ta tafi da ɗanta, ba wanda ya ga tafiyarta. Muka hango wani falalen dutse a tsakiyar ruwa, muka tura jiragen can.

Yanzu sanyi ne abokin gaba. Leɓunan yaran sun yi shuɗi. Gwaggo ta sa muka cure wuri ɗaya, ƙanana a tsakiya, ta zaro gyaɗa jiƙaƙƙiya daga aljihu ta raba. A nan na ga hannuwanta. Bayansu duk ya ƙone ya tashi, domin ita kaɗai ce ba ta samu sukunin nutsa su ba, tana ta riƙe wannan tana tura wancan. Na ce, "Gwaggo, hannunki!" Ta ce, "Greta, rufe bakinki, za ki tsorata mini yara." Da la'asar wani ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa ya gan mu. Matuƙin ya leƙo ya ƙirga mu, ya sake ƙirgawa, ya cire hularsa.

Ba kowa ne ya yaba mata ba. Wasu iyayen ba su ƙara turo 'ya'yansu ba, kuma Gwaggo ba ta taɓa ganin laifinsu ba. Ta ce da nata ne ita ma da ta yi tunani. Hannuwan sun warke da tabo, amma hayaƙin ya taɓa mata huhu, likita ya hana ta ɗaukar kaya da doguwar tafiya. Ta koma tsara hanya da horar da masu jagora, ciki har da ni.

Bayan shekara biyu Terrell ya bugo waya, ya ce su huɗu suna so su koma su ga wurin, kuma ba za su je ba sai da Kaka. Muka shimfiɗa mata bargo a tsakiyar kwalekwale, Terrell a baya yana tuƙi, ita kuwa tana ta mita wai an mayar da ita buhun dankali.

Da muka shawo kwanar da tafkin ya buɗe, mitar ta tsaya. Kututturan suna nan tsaye baƙaƙe, amma ƙarƙashinsu, tun daga bakin ruwa har kan tudu, fure ne jaja-jaja mai tsayi ya rufe ƙasa, ƙudan zuma na ta kai da kawo, ga 'yan itatuwa sababbi iya gwiwa birjik. Muka ɗaga filafilai, jirgin ya ci gaba da tafiya da kansa. Gwaggo ta daɗe tana kallo, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Ku kai ni gaɓa," in ji ta. "Ina so in taka da ƙafata."

Terrell ya sauka cikin ruwa, ya ɗauke ta cak ya dire ta a tsakiyar furannin. Sun kai mata kafaɗa.