Ranar da Goggo Adawiyya ta Kira Sunan Mijinta

Duk wanda ya taɓa fita daga Daura ta hanyar Zango da safe, hancinsa ya san gidan Goggo Adawiyya tun kafin idonsa ya gani. Daddawa take yi, ta kalwa zalla, kuma in kana son ganin ɓacin ranta, tambaye ta ko ta haɗa da waken suya. Yayar babana ce, a ɗakinta na tashi, saboda haka abin da zan faɗa a kanta ba an ce ba ne, da idona na gani.

Gajera ce, ga saurin tafiya, ga saurin baki. Daga mai unguwa har ɗan acaɓa babu wanda bai sha faɗanta ba, kuma babu wanda ya taɓa barin gidanta da yunwa. Amma akwai kalma guda da bakin nan bai taɓa furtawa ba, wato sunan mijinta, Malam Audi tela. Irin matan da ce, masu jin nauyin sunan miji. Shekara arba'in da uku "Malam" take cewa, in ya ɓata mata rai ya koma "wancan mutumin". Har mai naman da take saye a wurinsa, da yake shi ma Audi ne, "mai sunan Malam" take kiransa. Muna yara mun sha ɗana mata tarko ko za ta suɓuce, sai dai mu tashi da ranƙwashi.

Malam yana da ciwon asma tun yana saurayi. Hayaƙi kaɗan ya ishe shi ya kwana uku ƙirjinsa na kuka. Dafa kalwa kuwa yini ake yi ana tura itace. Don haka Goggo ba ta taɓa hura wuta ba sai ta fito tsakar gida ta ɗebi toka ta watsa sama, ta ga inda iska ta nufa. In ta nufi tagar Malam, sai ta kwashi tukwanenta ta kai ƙuryar gida, tana yi tana mita, wai ta auri mutum mai ƙirjin jarirai.

Da daminar bara waccan aka ce za a faɗaɗa titin ƙofar gidanmu ya zama tagwaye. Kowa ya yi murna, ni ma na yi. Kafin a fara aiki sai ga masu binciken muhalli suna bi gida gida da fom, don a san abin da aikin zai taɓa. Wata budurwa mai suna Rahmatu ce ta shigo namu. Goggo ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama mata fura, ta ƙulle mata daddawa a leda. Da yarinyar ta tambaya ko akwai mai fama da rashin lafiya a gidan, Goggo ta ba ta amsar da kowa ya gada.

"Lafiya lau muke, 'yar nan. Sai godiyar Allah."

A lokacin Malam yana kwance a ɗaki da abin shaƙarsa a hannu. To amma ina aka taɓa yi wa baƙuwa ƙorafin ciwo tun ba ta sauke mayafi ba? Haka sauran gidajen suka yi, kowa lafiya lau, har gidan da ake jinyar tsohuwa mai tari.

Bayan wata biyu aka liƙa takarda a zauren mai unguwa. Ni ce malamar makarantar firamare, ni aka kira in karanta. An rubuta cewa an zaga gida talatin da biyu ba a sami mai ciwon numfashi ko ɗaya ba, don haka za a kafa injin dafa kwalta a filin da ke gabas da unguwa. Filin nan kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da tagar Malam.

Wallahi raina ya ɓaci. Na shiga gida na zazzage wa Goggo abin da ke cikina, na ce ga inda kunyarsu ta kai mu, mutum yana shaƙewa a ɗaki ana cewa lafiya lau. Na jira ranƙwashi, bai zo ba. Sai ta zauna kan turmi. Can ta tambaye ni ko hayaƙin kwaltar ya fi na itace. Na ce ai ba a haɗawa, kuma wata da watanni za a yi ana yi. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar bakina.

Takardar ta ce za a yi taron jin ra'ayi kafin a sa hannu. Ranar Talata aka yi shi a harabar makarantarmu, maza a benci, mu mata can baya kan tabarmi. Malam bai je ba, saboda tifofi sun riga sun fara zuba jar ƙasa, ƙurar ta kwantar da shi. Maza suka yi ta magana a kan magudanar ruwa da wurin tsallakar shanu. Da injiniyan kamfani ya tambaya ko akwai wani abu game da lafiya, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Ban ankara ba na ga Goggo ta miƙe, ta ratsa benci har gaban tebur. Ta ce ita ce ta yi wa yarinyar nan ƙarya, ba don mugunta ba, don haka aka koya mata karɓar baƙo. Ta kwance bakin zane ta zube abin shaƙa guda bakwai da suka ƙare, ta ce na wani mutum ne a gidanta. Daga nan ta ɗebi ƙasa ta watsa sama, kowa yana kallo iska ta kwashe ta daga gabas ta nufi gidajenmu. Ta ce shekara arba'in tana auna iskar nan kowace safiya, babu takardar da za ta koya mata inda take zuwa.

Rahmatu ta matso da wayarta tana naɗar murya. Ta yi bayani cikin ladabi cewa ba za a gyara rahoto da "wani mutum" ba, dole a sa sunan mara lafiyar.

"Mama, yaya sunansa?"

Kowa ya zuba wa Goggo ido, domin duk unguwar an san halinta. Wasu mata suka fara rufe baki da mayafi. Na yunƙura zan faɗa mata, ta juyo ta harare ni.

"Zauna, Madina. Bakina ne ya ɓata, shi zai gyara."

Ta dubi ƙasa, ta ce, "Audi. Audi tela. Mijina ne."

Babu wanda ya yi dariya. Ni kam hawaye ne suka zubo mini. Sai ga Hussaina maƙwabciyarmu ta miƙe ta faɗi sunan surukarta, wani ya faɗi na 'yarsa. Kafin azahar an rubuta mutum goma sha ɗaya.

An kai injin kwaltar can daji, nesa da gari. Ba duk abin da muke so muka samu ba, titi ya cinye dalbejiyar da Goggo take kasa daddawa a ƙarƙashinta, har yau tana tsine wa katafila in ta tuna. Amma ana zuba ruwa a gaban gidaje safe da yamma, kuma Malam ya koma kan kekensa na ɗinki.

Tun kafin mu dawo daga taron labari ya riga mu isa gida. Muka tarar da shi zaune a bakin gado yana numfashi da ƙyar, yana murmushi.

"Adawiyya, an ce duk gari ya ji, ni kaɗai aka bari. Faɗa mini sau ɗaya mana."

Goggo ta ajiye mayafi, ta ɗebi toka ta watsa sama kamar kullum, ba ta ko dube shi ba.

"Ka ji wancan mutumin. Kai dai ka yi ta numfashi, Malam, in na ga dama wata rana ka ji."