Yadda Kwaikwayon Baturen Faransa Ya Karya Mini Hannu

Wallahi gorar farko ban ma ji ta ba! Ta biyun ce ta sauka a bayan kunnena, sai gani na yi ƙasa ta taso ta mare ni. Ina kwance, baki cike da yashi, abin da nake ihu kawai shi ne, "Wayata! Don Allah kar ku taɓa wayata!" Ku ji mutum fa, ana neman ransa, shi yana ta waya. Amma bari in koma baya, na san daga tsakiya na ɗauko muku zancen.

Ni ɗan Paki ne, ina da ɗan shagon cajin waya a Ikara. A sakandare bokona ya tsaya. Wanda ya jefa ni wannan harka kakana ne, Allah ya ji ƙansa. Yana saurayi wani Baturen Faransa mai nazarin harsuna ya zo garinmu, lokacin Baturen yana koyarwa a Zariya. Kaka na aikin mazarƙwaila, doki na juya injin matse rake, Baturen kuma ya kife turmi ya zauna da akwatin ɗaukar magana. Mene ne sunan wannan? Kumfan nan da ake kwashewa fa? In za ka tsayar da doki me kake ce masa? Kaka ya ce mutumin zai tambaye ka abu ɗaya sau uku a ranaku daban-daban, in amsarka ta sauya ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa. Da hannu yake cin tuwo, miyar kuka har gaban riga.

Da na samu babbar waya sai na bi sawun Baturen a intanet. Ashe bayan ya koma ƙasarsu ya koyar, ya rubuta littattafai, furfura ta fito, kuma bai daina dawowa ba, yana bin ƙananan harsunan da tsofaffi kaɗai suka rage suna jin su. Rayuwa guda cur a kan maganar mutane! Na kasa zama. Na sayi littafin rubutu mai jan bango, na ce ni ma.

Akwai wani tsohon Bafulatani da rugarsa ke bayan ƙauyen Furana, yana kawo mini cajin tocila ranar kasuwa. Baffa nake ce masa. Wannan tsoho kowace saniya a garkensa tana da suna, kuma kowace da kiranta. In ya sa hannu a kunne ya rera, wadda ya kira ce kaɗai za ta ɗago kai. Ya san sunayen tsofaffin burtali, wato hanyoyin shanu, har waɗanda yanzu sun zama gonakin masara. Ya ce mini, "Yarana fito kawai suka iya. Ranar da na kwanta dama, kiran nan tare za a rufe mu."

Ai ko sai na fara zuwa. Wata biyu ina hawa babur ina shiga ruga. Ina ɗaukar muryarsa a waya, ina rubutawa. Sau uku nake tambaya, kamar Bature. Baffa ya ce, "Kai ɗan nan, kurma ne kai ko ɗan sanda?" Na rubuta sunayen shanun, na rubuta lokacin da suke fita da lokacin da suke dawowa, don kiran safe daban, na yamma daban. Har zanen burtali na yi, da mashaya, da inda ake tsallake rafi.

Ga abin da na bari a baya. Kaka ya sha faɗa mini cewa Baturen nan kwanaki ya yi a ƙofar gidan mai gari yana gaisuwa, yana shan fura, bai ko buɗe akwatinsa ba. In kuma ya ɗauki magana, sai ya kunna a dandali kowa ya ji. Ni na ɗauki wannan a surutun tsofaffi. Tambayar na kwaikwaya, gaisuwar na watsar. Ta tsakiyar ƙauye nake ratsawa da gudu, ko ɗaga hannu ba na yi. A daminar nan kuwa an kore shanu a yankin, kowa maganar infoma yake yi, masu kai wa ɓarayi rahoto.

Ranar, bayan azahar, ina dawowa, 'yan sintiri suka tare ni a gindin wani mangwaro. Shugabansu gajere ne, da bindigar toka a kafaɗa.

"Malam marubuci, sannu da aiki. Me ake rubutawa a daji?"

"Nazarin harshe nake yi, Yallaɓai."

Ya fizge littafin ya miƙa wa wani mai ƙaton rawani da ya iya boko. Wannan ya fara karantawa da ƙarfi: "Shanu suna fita da hantsi. Mashaya tana bayan dutse. Nan ake tsallake rafi." Ya juya shafi ya ɗaga zanen sama. "Jama'a, har da taswira!"

Shugaban ya matso. "Wa ya aiko ka?"

Da na yi shiru ma da ya fi. Sai bakina ya ce, "Ai wani Baturen Faransa ne..."

"Kun ji ko! Har da Bature a ciki!"

Nan gorar ta sauka. Daga nan ban iya ƙirga su ba. Wani ya taka mini wuya, wani yana dukan haƙarƙari. Na ɗaga hannun dama in kare kai, na ji ƙas, kamar an karya rake a gwiwa. Haƙorina ɗaya na tofar tare da jini. Mutane suka fito daga gonaki da fartanya, wata tsohuwa tana cewa sanuwarta biyu aka kore, a bar mata shi. Suka ja ni suka ɗaure a jikin mangwaron. Na ji wani yana cewa a zuƙo fetur daga babur ɗina.

Na ce, "Ku kunna wayar! Ku ji da kunnenku!"

Suka kunna. Muryar Baffa ta fito tana rera kira da Fulatanci, mai daɗi. Mai rawanin ya ce, "Ga shi nan, da yarensu ma suke magana." Ya ɗora wayar a kan dutse ya sa gindin gora. Sau uku. Aka yayyaga littafin, aka zuba fetur ɗin a kansa tare da ɓaraguzan wayar, aka ƙyasta ashana. Ni mai sana'ar waya, ban taɓa tura rikodin ɗin ko'ina ba, kullum sai in ce gobe.

Ana cikin haka Baffa ya iso, ashe hayaƙi da ihu ya jiyo. Ya ratsa mutane yana cewa, "Ɗana ne, ni na ce ya rubuta!" Wani saurayi ya ce, "To ga uban tafiyar," ya sauke masa sanda a goshi. Tsoho ya durƙusa, jini ya rufe masa ido ɗaya, hularsa ta faɗi cikin toka.

Mai unguwar Furana ne ya tsayar da abin. Ya zo da sandarsa a hankali, ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga hannu, to shi mai unguwa ya daka. Ya dube ni. "Kai ɗan gidan wa?" Na faɗa masa, na ce jikan mai mazarƙwaila na Paki. Ya ce, "Kakanka na san shi. Kai ne ban sani ba. Wata biyu kana wuce ƙofar gidana kamar an koro ka, ko sallama. Da ka tsaya sau ɗaya, da ni zan gaya wa yaran nan ko kai wane ne." Wannan maganar ta fi gorar zafi. Ya sa aka kwance ni, aka ɗaure wa Baffa goshi da rawanin wanda ya fasa wayar, aka kai ni wurin maɗori.

Da hannun ya fara kamawa na koma Furana. A ƙofar mai unguwa na fara sauka, na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi har ya gaji. Ya haɗa ni da mai rakiya muka nufi ruga. Babu kowa. Turakun maruƙa ne kawai a kafe, da busasshen kashin shanu. Aka ce kwana uku da faruwar abin Baffa ya kaɗa garkensa ya tashi, bai gaya wa kowa inda ya nufa ba.

Abin da ya rage mini sunayen shanu bakwai ne da rabin kiran safe, su ma a ka. Na rubuta su da hannun hagu, rubutun kamar tafiyar kaza. Kullum ina rera rabin nan a shago don kar ya gudu, masu kawo caji suna dariya.

To jama'ar Makarfi da Kudan da duk inda wannan ya kai, ko kun ga wani tsohon makiyayi mai tabo a saman girar hagu, wanda ke kiran shanunsa ɗaya bayan ɗaya da suna? Ku gaya mini ta ina ya bi. Kuma wanda kakansa ya taɓa zama da irin Baturen nan mai akwati, ya ba ni labari, kwana nawa ya yi a ƙofar mai garinku kafin ya fara tambaya?