Gadon Baba da Damben Hawainiya

Assalamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ni a nan ba, har na ga wasu sun fara yi mini addu'ar da ba ta dace da mai rai ba. Ina nan.

Bari in fara da jinjina ga manyan likitocinmu na rumfar 'yan shinkafa a kasuwar Talata Mafara. Mutane ne masu baiwa. Ba su taɓa jikina ba, ba su ga hoton kaina ba, amma kafin la'asar sun gano ciwona har kala uku: iska, sammu, da gado. Kyauta kuma. Allah Ya ƙara basira.

A na ukun sun ɗan taɓo gaskiya, shi ya sa ya fi zafi.

Da ciwon ƙeya abin ya fara, ina ta kora shi da shayi da maganin kemis. Rannan ina tsakiyar ciniki na miƙa hannun hagu in ɗauki tiya, ya ƙi. Na buɗe baki in ce "albarka", kalmar da na fi iyawa a duniya, sai ta fito a murɗe. Mai sayen ya zaci na sallama.

A asibiti nas ta auna jinina, ta sake aunawa, ta fita da sauri. Aka tura mu Gusau ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki ce, wai mai sauƙi. Babur ɗina ne ya biya hoton da magunguna.

Ba mutuwa na fi tsoro ba. Babanmu irin wannan ciwon ya kwantar da shi shekara da shekaru a kan wani gadon ƙarfe, har ya bar duniya bai sake taka ƙasa ba. Da aka raba gado, gadon ya faɗo a kasona. Da aka sallamo ni, a kansa aka shimfiɗe ni. Na kama ƙarfen gefe, na ji wurin da hannun Baba ya goge har ya yi sulɓi.

Yayana Sani ya zo dubiya, ya ce, "Haƙuri za ka yi, Bello. Abin gidanmu na. Baba haka, Kawu na Faru haka."

Likitar gashin ƙashi da ke duba ni 'yar Bakura ce. Da na fara iya tsayuwa, ta nuna mini bidiyon wasu tsofaffin mutanen Sin suna motsa hannu da ƙafa sannu-sannu. Wai sunan abin taici.

Na ce, "Likita, wanga dambe na ko lalube?"

Ta ce, "Dambe na, Alhaji, amma ba ka bugun kowa."

Na ce ta bar wahalar da kanta, abin a jini yake.

Ta ce, "Ka san kanal ɗin da ke ba gonarka ruwa? Ruwan dam ba kai ka zuba shi ba, ba ka iya kwashe shi. Amma akwai ƙofa, ana buɗewa ana rufewa. Haka ƙwayoyin halittar da ka gada suke. Suna nan, sai dai ba kowace ke aiki da ƙarfi kullum ba. Masu bincike na ganin alamar motsi irin wannan da jan numfashi a natse na iya sassauta waɗanda ke kawo kumburi a jiki. Ba su gama tabbatarwa ba. Kuma in ka bar shan magani, ba ruwana."

Na sha jin talla a rayuwata, ni kaina da ita nake ci. Wanda ya ce maka kayansa ba su gama tabbata ba, shi nake saurara.

Na fara ina riƙe da ƙarfen gadon. Na faɗi, maiɗakina Hajara ta ɗaga ni tana ɓoye dariya, daga baya na gane hawaye take ɓoyewa. Sannu a hankali na saki ƙarfen, na fita tsakar gida, har na kai bakin kanal ta hanyar Morai bayan sallar asuba.

Nan aka gan ni. Kafin hantsi labari ya isa rumfa: Bello na kama iska da hannu. Suka raɗa wa abin suna damben hawainiya. Don in cire shakku na tambayi wani malaminmu a Maradun. Ya ce, "Kana yi wa wani ruku'u a ciki?" Na ce a'a. Ya ce, "To motsa jikinka."

Yau ƙafar na ɗan ja idan na gaji, amma hannun na ɗaukar tiya, kuma "albarka" na fita tas. Ko ƙofofin nan sun rufu, ban sani ba, ba wanda ya buɗe ni ya duba. Magani nake sha kullum, na rage gishiri da ɗunƙule, ina damben hawainiyata. Barci ya dawo, jinin ya sauka.

Gadon kuwa mun fitar da shi tsakar gida. Hajara na shanya tattasai a kai.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajara da likitata, da duk wanda ya tako ko ya bugo waya.

Ku auna jininku tun kuna tsaye. Idan baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti nan take, ba rumfa ba. Kada ku fara motsin nan sai likita ya yarda, kuma ba ya maye gurbin magani.

Yaya Sani har yau ya ƙi a auna shi. Ya ce in an rubuta an rubuta, kuma shi ba zai tsufa yana rawa a bakin kanal ba. Amma bara da ruwa ya yi wa gonar shinkafarsa yawa, da gudu ya je ya toshe ƙofar kanal ɗin, har takalmi ya bari a laka.

To, 'yan'uwa, shinkafar ce ba a rubuta mata ba?